Ranar da Sambo Ya Zo Na Biyu

Nana, wannan babin naki ne, ko da yake ina so sauran 'yan'uwanki ma su karanta. Na daɗe ina kewaye shi. Na rubuta ƙuruciyata, na rubuta yadda na shiga aikin asibiti ana ta zagin mahaifina a gari wai ya saki ɗiya mace, na rubuta aurena da Malam, duk ban sha wuya ba. Amma da na iso shekarar tseren motoci sai in ajiye alƙalami in ce idona ke ciwo. Abin da ya tashe ni tsaye shi ne maganar da kika kawo mini daga gidan biki, wai wata tsohuwa ta dube ki ta ce ai ke ce ɗiyar Sambo wanda ganganci ya kashe. Kina faɗa kina dariya, amma ni na goya ki, na san dariyarki ta gaskiya, waccan ba ita ba ce. Wasu kuma, na sani, cewa suke yi mijina Malam, wanda ya raine ki kike ce masa Baba, shi ya kashe ƙanensa da sakaci, tunda shi aka damƙa wa lafiyar taron. Duka biyun ƙarya ce. Ina wurin da fararen kayana na aiki, ba labari aka ba ni ba.

Shekarun nan ne da kuɗin man fetur suka kwararo ƙasa, soja na mulki, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi. Abin nema ya samu. Masinjan ofis ya sayi babur, akawu ya sayi mota, wanda jiya jaki ma aronsa yake yi yau sai ka gan shi bisa ƙarfe yana danna oda. Mu da ke ɗakin masu haɗari a asibiti mu muka san kuɗin da ake biya, don kullum sai an kawo mana ƙafa a karye ko kai a fashe. Muna zaune a lokacin a bayan Sama Road, ni da Malam da yara, da mahaifiyarsa Inna, da ƙanensa Sambo da matarsa Luba. Su biyu rak Inna ta haifa maza. Malam ɗan fari ne, saboda haka kunya ba ta bar ta ta taɓa kiran sunansa ba, ko zama kusa da shi ba ta yi. Duk son da ta ɓoye wa babban sai ta juye shi kan ƙaramin a fili. Sambo kuwa, Allah ya jiƙansa, ga tsawo ga baki. Makanike ne kuma direba, yana tuƙa wa wani Alhaji mai fataucin hatsi. In ya shigo gida da baƙin mai har gwiwar hannu, ni yake fara nema da tsiya, irin wasan ƙanen miji.

"Matata, mi anka dahwa yau?"

"Abin da kak kawo, shi nid dahwa."

"Ashe yau azumi za mu yi."

Haka muke kullum. Inna ta yi ta dariya tana cewa in bar mata ɗanta, ni kuma in ce ta riƙe shi a ɗakinta in tana so ya tsira daga bakina.

Da bazara ta matso sai aka ji wani kamfanin sayar da motoci ya haɗa kai da hukuma za a yi tseren motoci a Sakkwato, irin wanda ba a taɓa yi ba. Motoci za su tashi daga bakin gari, su yi hanyar Kalambaina, su zaga ta cikin daji da ƙauyuka, su dawo inda suka tashi. Attajiran gari kowa ya sa motarsa da direbansa, don a san wane ne wane. Aka kafa kwamiti, aka ba wani hafsan soja baƙo shugabanci, aka saka Malam a kan lafiya da tsaron jama'a, don shi ne babban malamin lafiya na gari, daga duba-gari ya taso. Ni kuma asibiti suka ba ni rumfar agaji ta wurin ƙarewa.

Ban taɓa ganin mutum ya yi aiki kamar yadda Malam ya yi wannan ba. Ya bi hanyar nan da ƙafa da babur har fatarsa ta ƙone. Duk inda burtali ya ratsa titi sai da ya zauna da ardon wurin suka yi magana a kan a tsare shanu ranar. Ya bi masu unguwanni da hakimai aka sa mai shela ya zaga, a ɗaure jakuna da awaki, kada a aiki yaro ɗiban ruwa. Ya je ya roƙi masu manyan motocin siminti su dakata har a gama, suka yarda. Ya san ranar Sakkwato da zafinta, ya ce ita za ta fi motoci kayar da mutane, don haka ya sa aka kafa rumfunan zana, aka jera randuna, aka yi alkawarin tankin ruwa zai riƙa zagawa. Ya samo motocin asibiti, ya ce a ina kowace za ta tsaya da kuma hanyar da za ta bi ba tare da ta ratsa taro ba. Ya tara 'yan agaji a tsakar gidanmu ina koya musu yadda ake ɗaukar mai karaya, Sambo ne ma yake kwanciya a tabarma yana nishin ƙarya ana gwaji da shi. Har direbobin sai da Malam ya kafe kan kowa ya sa hular kwano ya ɗaura bel, suna ta gunaguni wai zafi. In an ce ya cika tsanani sai ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu ɗaya ne ya hana shi sukuni, wurin ƙarewa. An shirya cewa motar da ta zo ta farko za ta tsaya nan gaban rumfar manyan baƙi, direba ya fito a ba shi kofi. Kuma kafin a iso wurin akwai wata kwana da ɗan tudu, mai tahowa ba ya ganin abin da ke gaba sai ya hau. Ranar da ya kawo maganar a taron kwamiti ina zaune, ni kaɗai ce mace, a can ƙarshen tebur.

"Ranka shi daɗe," in ji Malam, "mutanenmu kokowa sunka sani. Ga kokowa, da an kai mutum ƙasa wasa ya ƙare, kowa shi ruga cikin hili, a ɗauki gwani bisa kahwaɗa, makaɗa su biyo, masu liƙi su biyo. Haka za su yi ma motar da taz zo ta hwarko. Ba su san sauran na tahe da gudu ba."

Ya ce a bar ta farkon ta wuce can gaba ta shiga wani fili, kada kowa ya tsaya a gaban jama'a sai motar ƙarshe ta shigo, sannan a dawo a ba da kofi. Hafsan ya saurare shi har ƙarshe, ba zan yi masa ƙarya ba, mutum ne mai ladabi. Amma bai taɓa tsayawa a filin kokowar Sakkwato ba.

"Malam, ka yi ƙoƙari," ya ce. "Amma wa zai zaunar da manyan baƙi cikin wannan rana suna jiran motar ƙarshe? Ana so a ga zakara ya tsaya, a ɗauki hoto. Ga igiya, ga 'yan sanda. Ai mutane ba tumaki ba ne."

Mutumin kamfanin ya gyaɗa kai, attajiran suka gyaɗa kai, don kowa na hango direbansa a gaban rumfa. 'Yan gari da ke wurin, waɗanda suka san Malam ya yi gaskiya, kowa ya sunkuyar da kai yana gyara hula. Lokacin soja ne, ba a yi wa mai kaki gardama sau biyu. Malam ya yi sau uku, har aka ce masa an rufe maganar. Wallahi na ji kamar in tashi in kifar da teburin.

A makon nan ne Sambo ya shigo gida yana rawa, Alhajinsa ya zaɓe shi ya tuƙa sabuwar motarsa a tseren. Luba tana da cikinki a lokacin, ya fara nauyi. Ni da Malam muka dubi juna. Amma gida ɗaya ba a ɓoye wa tsohuwa damuwa. Inna ta ga babban ɗanta ba ya cin abinci, ta tsare ni a madafa, ni kuwa bakina ba ya riƙe magana, na faɗa mata duka. Bayan la'asar Malam na alwala a tsakar gida sai ta fito ta tsaya a kansa. Tunda na zo gidan ban taɓa ganin ta tsaya ta dube shi ido da ido ba sai ranar.

"Kai ab babba," ta ce. "Tun rasuwar ubanku ba ka taɓa ce mai bari shi ƙi bari ba. In hanyag ga ba ta da lahiya, hana shi."

Gaskiya ta faɗa. A gidanmu maganar yaya yanka ce. Da Malam ya ce kada ka shiga, Sambo zai yi fushi, zai yi kwana biyu ba ya cin tuwon gidan, amma ba zai shiga ba. Malam ya ajiye butar.

"Inna, ni anka ba amanar taron ga. Na ce a canza, an ƙi. In nic cire ƙanena shi ɗai nib bar ɗiyan mutane, da wane ido za ni kallon iyayensu?"

Ta dube shi, ta dube ni.

"To," ta ce. "Na hwaɗi tawa."

Ta koma ɗaki ta saki labule. Ni a lokacin bayan Inna nake, kada ku ce na goyi bayan mijina don mijina ne. Na bi shi har ɗaki na ce ko dai ya hana yaron ko ya ajiye musu aikinsu, in ya so su nemi wani. Ya ce in ya ajiye, tseren ba zai fasa ba, sai dai a yi shi ba randa ba motar asibiti, a ba wani wanda ko hanyar bai taka ba. Na ce to hana Sambo. Ya ce ba zai hana shi ba, amma ba zai ɓoye masa komai ba. Na kira shi mai taurin kai, na kira shi abin da ya fi haka.

Washegari ya goya Sambo a babur suka je wurin, ni ma na same su can don ana kafa rumfata. Ya nuna masa kwanar da tudun, ya nuna masa inda jama'a za su tsaya, ya gaya masa abin da yake tsoro kalma kalma. Ya ce masa in ya ga jar tuta ya taka birki ko da kofin na gabansa, kuma in ya ga zai fasa, shi zai je ya ba Alhajin haƙuri da kansa. Sambo ya tsaya da hannu a ƙugu yana duban titin. Na ga ya fahimta sarai, don direba ne, idonsa ya auna wurin. Amma yana son abin nan kamar ransa, ga shi yaro, ga gari duk ana zancensa.

"Yaya, ashe magani guda na," ya ce. "In zo na hwarko."

Ya yi dariya. Malam bai yi ba.

Abin da ya rage a hannunsa Malam ya yi. Ya ninka igiyar, ya sa aka jera durom cike da yashi a gefen titi. Ya je gidan sarkin makaɗa ya durƙusa ya roƙi kada a taɓa ganga sai motar ƙarshe ta shigo, aka yi masa alkawari, kuma makaɗan gari sun cika. Ya roƙi limamai suka yi gargaɗi ranar Juma'a. Ya sa mai lasifika ya riƙa maimaitawa, in mota ta tsaya kowa ya zauna inda yake, wasu na tafe. Sa'an nan ya ɗauki jar tutar ya ce shi da kansa zai tsaya a kwanar.

Ranar ta zo. Ban taɓa ganin taro irin wannan ba, mutanen ƙauye tun da hantsi suke kwararowa, wasu bisa itatuwa, wasu bisa katanga. Inna ba ta zo ba, Luba ma ba ta zo ba. Sambo ya leƙo rumfata da hular kwanonsa a hannu ya ce in ajiye masa ruwan sanyi, zakara ba ya shan na randa. Na ce ya je ya ci tukuna. Motoci suka tashi ɗaya bayan ɗaya, ƙara kamar za ta tsaga kunne, suka ɓace. Kuma duk abin da Malam ya shirya ya yi aiki, ina so ku riƙe wannan. Ko akuya ba ta hau titin nan ba. Waɗanda rana ta kayar an kawo mana su mun farfaɗo da su. Wata mota ta kife a daji, kafin a ce me motar asibiti ta isa, direban ya fito da ƙafarsa saboda bel ɗin da yake yi wa gunaguni. Har na fara cewa a raina ko mun tsorata kanmu ne a banza.

Rana ta take tsaka sai muka ji ƙara daga nesa. Motar farko ta hawo tudun, ta sha kwanar, ta zo ta ci birki a gaban rumfar manya. Ba Sambo ba ne, direban wani attajiri ne. Yaron nan ya fito ya cire hula, ya haye bisa motar ya ɗaga hannuwa biyu sama yana jijjiga su, daidai yadda ɗan kokowa ke yi in ya yi kaye. Wasu makaɗa da suka zo daga ƙauye da safen nan, waɗanda ba su san da wani alkawari ba, suka saki kalangu. Wata ta rangaɗa guɗa. Shi ke nan. Ina kallo igiyar nan ta kwanta ƙasa kamar ba a taɓa ɗaura ta ba. 'Yan sandan ma wasu da su aka ruga. Maza, yara, tsofaffi, maroƙa, masu kuɗi a hannu za su yi liƙi, titi ya cika maƙil har ba ka ganin kwalta. Mai lasifika na ta ihu, kalangu ya danne shi. Ba mugunta ba ce, murna ce, a wurinsu wasa ya ƙare.

Na juya wajen kwanar na ga Malam yana gudu, ba wajen taron ba, wajen tudun, a tsakiyar titi, yana kaɗa tutar da hannu biyu. Mutum mai jiki, da babbar riga, takalminsa ɗaya ya fita. Bai kai ƙwanƙolin tudun ba motar ta biyu ta hawo. Na gane ta tun kafin in ga lambarta, motar Sambo ce.

Na ji ƙarar birki, na ga hayaƙin taya. Ya kauce wa yayansa da ƙyar. Amma gudun ya yi yawa, tazarar ta yi kaɗan, kowane direba ya faɗa daga baya cewa babu birkin da zai tsayar da mota a wurin. A gabansa mutane, a hagunsa mutane. A damansa akwai kwalbati mai zurfi da wani tsohon gawo a bakinsa. Nana, ina tsaye a inda nake ganin gilashin gaba. Motar ba ƙwace masa ta yi ba. Na ga kafaɗunsa sun juya, da hannunsa ya murɗa sitiyarin zuwa dama.

Ban san yadda na isa wurin ba. Ƙarar ce ta watsa taron, shi ya sa motocin baya suka tarar da tutoci da fili. 'Yan agajin da ya riƙa kwanta musu a tabarma su suka fito da shi, kuma sun ɗauke shi daidai yadda aka koya musu. Sitiyarin ya shige ƙirjinsa. Da na sa hannu na san abin da na taɓa, shekaruna a ɗakin haɗari ba su bar ni in yaudari kaina ba. Muka sa shi a motar asibitin da yayansa ya ajiye a wurin, ta bi hanyar da yayansa ya share mata. Ina riƙe da kansa a cinyata ya buɗe ido.

"Matar Yaya," ya ce. "Na taka wani?"

"Ba ka taka kowa ba, Sambo. Ko mutum guda."

"To, alhamdu lillahi."

Na yi ta maimaita masa kalmar shahada yana bi da leɓe. Kafin mu shiga ƙofar asibiti ya cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na rufe idon mutane da yawa a aikina, wannan ne kaɗai hannuna ya ƙi, sai direban motar ne ya rufe.

Ga inda maganar ganganci ta samo asali. Aka zauna bincike, aka ce direba bai rage gudu a kwana ba. Wannan ya fi wa kowa sauƙi, mamaci ba ya gardama. Malam ya tashi ya faɗi abin da ya faru tun daga taron kwamiti, aka ce an ji, ɓacin rai ne ke sa shi magana. Dubban mutanen da suka cika titin nan kuwa, da aka tambaya, kowa a bayan igiya yake. Ban ga laifin talaka da ya ji tsoron soja ba, amma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Mutum ya ba ku ransa, ku kasa ba shi ko shaida. Waɗanda suka zo ta'aziyya suka riƙa raɗa mini a kunne, wallahi ina kan titin, da ba don shi ba. In ce to ku faɗa da ƙarfi mana, sai su ce Allah ya jiƙansa su tashi. Malam ya nemi a mayar da shi sito, wurin ajiyar magunguna, a can ya ƙare aikinsa. Bai sake zuwa wani taro ba in ba masallaci da jana'iza ba.

Inna ba ta yi kururuwa ba, ba ta zagi kowa ba. Da ma ta yi. Ta ci gaba da zama da mu. Kowace safiya Malam ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, ta ce lahiya daga bayan labule, shi ke nan. Da can kunya ce ke hana ta dubansa, kowa ya san akwai so a ƙarƙashi. Yanzu wani abu ne daban, kuma duk gidan mun san bambancin. In ya sayo mata goro sai ta ba yara. Ina ganin mutumin nan yana ramewa, rigunansa na yi masa yawa, ni kuma abin na ci na.

Da damina ta faɗi aka haife ki. Malam ya yi miki huɗuba, ya yanka rago, ya yi duk abin da uba ke yi. Da Luba ta yi wani auren daga baya shi ya roƙa a bar mana ke. Kwana kaɗan bayan suna ina yi miki wanka a ɗakin Inna, Malam ya yi sallama ya miƙo hannu zai karɓe ki. Inna ta riga shi, ta ɗauke ki ta juya fuskarta bango. Ya tsaya da hannuwa a miƙe, sa'an nan ya fita. Nan haƙurina ya ƙare. Ban taɓa ɗaga wa surukata murya ba sai ranar.

"Inna, wanga abu ya isa! Kin san da Malam ya hana Sambo, motag ga ba ta hwasa shiga ba? Alhaji na da wani yaro da za shi ba. Wa ya san mi za shi yi bisa tudun can? Da ya bi ta cikin mutane, makara nawa za a hitar daga garin ga? Ɗanki ya tsirad da su, kuma don Malam bai hana shi ba na ya samu wurin!"

Ta bar ni na gama. Tana jijjiga ki a kafaɗa, ba ta ko juyo ba.

"Na sani," ta ce. "Kullum sai na yi masu barka cikin raina. Amma su waɗancan kowa na da uwatai. Ni wanga nih haihwa."

 Na ɗauki kwanon wankan na fito. Ashe Malam bai tafi ba, yana tsaye a jikin bango kusa da ƙofar, ya ji komai. Na zaci zai ce na gode, ko ya yi mini faɗa don na yi wa uwarsa tsawa. Ya karɓi kwanon daga hannuna ya zubar da ruwan a gindin bishiya, ya miƙo mini.

"Kak ki sake yi mata wagga magana," ya ce. "Lissahin ga na riga ki yin shi. Bai taɓa sa ni barci ba."